Bahago a Gefen Dama

Litinin, 3 ga Nuwamba
Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka a kan kogi tamkar alkyabbar da ba a ɗinka ba. A ƙungiyarmu ta hoki, wasan da ake kora faifan roba da sanda a kan ƙanƙara, mai tsaron bayanmu na dama ya karye. Na roƙi Ghislain Arsenault, bahago ne, shekara talatin da biyar, ya koma dama. "Wasa uku kawai, tsoho." Ya ce, "Koci, ko a kan rufi ka ce, zan hau."

Asabar, 15 ga Nuwamba
Minti ashirin da takwas Ghislain ya yi yau. Mun ci. Loïc Pellerin, wanda dama ce gefensa tun haihuwa, minti shida. Sau biyu hannuna ya nufi kafaɗarsa don in tura shi fili, sau biyu ya zarce zuwa ta Ghislain.

Na gaya wa 'yan jarida Loïc yana da gaggawa. A wannan takarda kuwa ba zan yi ƙarya ba. A watan Satumba, ina karanta wa 'yan wasa baitin waƙar da nakan rubuta musu kafin mu fita, ya ce, "Koci, faifan nan yana jin waƙa ne?" Ɗaki ya fashe da dariya. Tun ranar nake ganin gaggawarsa.

Juma'a, 12 ga Disamba
Wasan Ghislain na goma sha bakwai a dama.

Bahago a dama, idan faifai ya biyo katangar fili, dole ya juya ya karɓe shi da bayan sanda, ya ba wa abokin hamayya mai zuwa ƙeya. Shekara ashirin ina koyar da wannan. Ghislain ya juya, aka banke shi ta baya. Ƙarar kansa a jikin katanga, har yanzu tana cikin haƙorana.

Lahadi, 14 ga Disamba
Ban rubuta ko baiti ɗaya ba.

Laraba, 17 ga Disamba
Na kai masa miyar wake. Matarsa Maryse ta tare ni a ƙofa. "Cire takalmi, kuma kada ka yi masa waƙa." Ɗakin duhu, labule a sake, haske yana sa shi amai. Ya kira 'yarsa da sunan ƙanwarsa, sannan ya gyara.

"Saura nawa cikin ukun, Koci?" ya ce, yana dariya a hankali.

Maryse ba ta yi dariya ba. Da ta raka ni ta ce, "Lucien, ba ya iya ce maka a'a. Ka sani. Shi ya sa ka tambaye shi."

Asabar, 24 ga Janairu
Likita ya sallami Ghislain. Ya same ni da safe ina cika takardar jerin 'yan wasa. "Mayar da ni dama, mu wuce wurin. Minti talatin ma zan iya."

Na rubuta shi a hagu. Minti goma sha ɗaya. Ya zage ni da kakannina, bai ko kalle ni a benci ba.

Loïc ya yi ashirin da biyar. Kuskurensa ne ya jawo aka yi mana ci na biyu, mun sha kashi. Ya dawo yana haki, ya ce, "Shi ke nan, Koci, na koma minti shida?" Da lokaci ya yi, hannuna ya sauka a kafaɗarsa.

Dabara ce kawai ta wasa. Baitin ma da ban karanta musu ba yau, maƙogwaro ne yake mini ciwo.