Zabuwar Bakin Gona

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga babbar yayarsa, ina sanar da ke ɗiyanki suna lafiya. Amma ni raina a ɓace yake, kuma da ke nake.

Kin tuna littafin zabuwa mai hotuna, wanda wani direban Sakkwato ya bari gidanmu nan Tsarnawa? Lokacin ba ki yi aure ba. Ni kuma ina fama da baƙaƙen boko a jikin buhun simintin Malbaza, tunda ba a sa ni lakwal, makarantar boko, ba. Ke ko alif ɗin boko ba ki sani ba, amma sai ki buɗe, ki dubi hoto, ki ƙago baitinki. Daga ni sai ke ƙarƙashin itacen bedi. Da aka kai ki ɗaki, littafin ya shige ƙasan adakata, bai sake fitowa ba sai bana.

Na fito da shi ne don yaran sun yi shiru da yawa tun da aka dawo mini da su. Bayan azahar nake karanta musu. Ni in faɗi farkon baiti, su kama ƙarshen da ihu, ɗiyarki Balki har da tafi. Gwaggo Tabawa ta ce tatsuniyar rana ce, mai jin ta ɓacewa yake yi. Na ce mata wannan karatu ne, in ba ta iya ba ta matsa. Kin san bakina.

Akwai shafin da zabuwa ke tsaye ita kaɗai. Abin da aka rubuta shi ne, "Zabuwa ta zo bakin gona, ta ce hatsin bana ya nuna." Ina faɗin layin farko, ɗanki Auta ya ɗora yatsa kan hoton ya ce, "Ta ce ba ni tahiya sai da ɗana."

Yaya, baitinki ne. Har jan numfashin da kike yi kafin kalmar ƙarshe. Yaron da kika bari yana shan nono, wanda ko sunana bai iya faɗa daidai ba. Na tsare Balki da tambaya har ta yi kuka, ta rantse ba ta taɓa ji ba. Ni kuwa ban taɓa faɗa wa kowa ba, don na manta da shi sai da na ji shi bakin Auta.

Ranar Juma'a ana saukowa masallaci aka neme shi aka rasa. Na same shi ƙarshen gonar Baba, wajen hanyar maƙabarta, tsaye cikin rana ba takalmi. Ba ya kuka. Hannunsa ɗaya na sama, kamar yaron da babba ke riƙe da shi. Da na ɗauke shi, bai kalle ni ba, bayana yake kallo.

Yanzu Gwaggo na cewa a ƙona littafin, ta tafi da Auta Badaguishiri a yi masa turare. Ta ƙona in tana so, takarda ce, kuma baitin nan ba ya cikinta. Yaron dai ba ya zuwa ko'ina. Ba na ba ta shi, ke ma ba na ba ki.

Na san zafin da kika tafi da shi, Yayata. Ni na riƙe Auta ranar, na ga inda idonki ya tsaya. Amma ya fara cin tuwo da hannunsa, yana bin akuya da kara, ya yi haƙora masu kyau irin naki. Ki bar mini shi ya girma. Ki tafi ba tare da shi ba.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa ki samu natsuwar da za ta hana ki waiwaye. Allah Ya raya Auta har ya yi furfura, sannan Ya haɗa ku a Aljanna.

Ƙaninki da ba ya sakin hannun ɗanki,
Illa