Ranar da Baba Ya Manta Kiɗansa

Nashville, Tennessee

Zuwa ga Yaya Hollis,

Ina miƙo maka gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Twila da yara. Allah ya kare ka daga haɗarin teku, ya sa sanyin Alaska ya zo muku da sauƙi bana. Mu nan sai godiya. Maigidana Dewey ya samu sauƙin ciwon bayansa har ya koma gareji. Goggo Nadine tana nan da bakinta, ta ce in gaya maka ka aske gemun nan kafin kifaye su gudu su bar ka. Mama ta tsinke tumatirin bayan gida ta cika kwalabe, ta ware maka naka kamar gobe za ka shigo.

Yaya, na ga duk kiran da ka yi mini tun ranar Lahadi. Ina riƙe da wayar har ta gama ƙara. Na san abin da za ka tambaya, kuma bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauki biro. Kai a allon wayarka ka ga abin da ya sami Baba a shirin Asabar. Ni kuwa ina ɗakin hoto a bayan dandamali, kuma ka san aikina: ni ke cewa ga kyamarar da za a nuna wa mutanen talabijin da na intanet. Duk abin da ka gani, da hannuna na aika maka shi.

An zo wurin da mawaƙiya ke ja da baya ta bar wa Baba fili, wannan kiɗan da yake yi tun shirin yana rediyo kawai, tun muna zama ƙarƙashin teburin kicin muna jiran mu ji an ce, "Ga Orrin Tackett da gogensa." Ya fara lafiya lau. Yana tsakiya sai ya tsaya cak, gogen a ƙarƙashin haɓarsa, ya kalli hannunsa, ya kalli jama'a, kamar wanda aka sauke a garin da bai sani ba. Lonzo mai kyamara ta uku, wanda ke ɗaukar fuskar Baba, ya yi mini magana ta na'urar da ke kunnena. Ya ce, "Verlene, mu kauce, mahaifinki ne fa." Ina da 'yan kallo a wata kyamarar, ina da mai jita a wata, danna maɓalli kawai zan yi. Na ce masa, "Tsaya a kansa. Matsa kusa." Ban yi tunani ba, Yaya. Ko kuwa in ce na yi, amma irin na mai aiki. Na ga fuska mai kama zuciya, kuma an koya mini ba a barin irin wannan fuska. Sai da maganar ta fita daga bakina na tuna fuskar wane ne.

Sauran ka gani. Tsoho Delmer, abokin kiɗan Baba, ya ajiye banjo, molon nan da yake kaɗawa, ya zo ya sa baki a kunnen Baba yana rera masa kiɗan a hankali, mutanen zaure suka kama, har Baba ya tsinci kan zaren ya ƙarasa, aka miƙe ana tafi ana share hawaye. Kafin gari ya waye an yanko wurin an baza a intanet, mutane daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba suna ta sa masa albarka. Ranar Litinin shugabanmu ya dafa ni a gaban kowa, ya ce a tarihin shirin ba a taɓa kallon wani yanki kamar wannan ba, kuma idona ne ya kamo shi. Na ce na gode. Ka ji ni, na ce masa na gode.

Abin da ba ka gani ba shi ne na gida. A coci mutane suka riƙa yi wa Baba magana a hankali da ƙarfi, kamar ƙaramin yaro ko kurma. Wata mata ta rungume shi a kantin kayan miya tana kuka, ta ce haka nata uban ya fara. Ya bar kwandon sayayyarsa a tsakiyar kanti ya koma mota. Mutumin da ba ya fita tsakar gida sai ya goge takalminsa, yau duniya ta san shi da fuskar ruɗewa, ba da kiɗansa ba. Mama ba ta ɗaga mini murya ba. Na je ranar Talata, ta zuba mini wake da burodin masara, ta tsaya tana kallon tukunya ta ce, "Ni na ɗauka da 'yarsa a wancan ɗaki, ba mai ganin tsiraicinsa."

Bayan cin abinci Baba ya kira ni baranda, ya ce in nuna masa abin da kowa ya gani ban da shi. Na roƙe shi ya bari, ya ce, "Ke 'yar nan, kawo, ai fuskata ce." Ya sa tabarau ya kalla har ƙarshe, ya ce in maimaita. Sai ya nuna allon da yatsa ya ce, "Duba hannun hagun nan. Yana kan tsirkiya daidai wurin da ya kamata. Hannun bai manta ba, ni ne na tafi." Na ce masa Lonzo ya ce mu kauce, ni ce na hana. Na so ya yi faɗa, wallahi na so. Ya ninke tabarau ya ce, "Aikinki kika yi." Daga nan ya shiga ciki ya bar ni da sauro.

Jiya muka kai shi asibiti. Da kansa ya gaya wa likita cewa ba wannan ne karon farko ba, ya taɓa ɓacewa a hanyar gidan Delmer bai faɗa wa kowa ba. Za a yi masa hoton ƙwaƙwalwa mako mai zuwa. Goggo Nadine ta ce ashe abin ya zama alheri, da ban nuna ba da yana nan yana ɓoyewa. Wataƙila haka ne, amma ni na san ba don alheri na ce a matsa kusa ba.

Baba ya sanar da masu shirin cewa Asabar ta ƙarshen wata zai yi kiɗansa na bankwana. Na ce zan ba wani kujerata a ranar, ya ƙi. Ya ce ni yake so, domin ba wanda ya san lokacin da yake ɓacewa kamar ni. Ban san ko yafiya ce wannan ko hukunci ba. Abu ɗaya ya roƙa: idan ya ɗaga kai, ya ga wani nasa a layin gaba, don kada ya sake duba zauren nan ya rasa fuskar da ya sani. Mama ta ce ƙafafunta ba za su kai ta ba. Ni ina bayan bango. Saura kai, Yaya. Na san lokacin kamun kifi ne, na san nisan hanya, amma ka zo. Idan za ka zage ni, ka zo ka zage ni a kicin ɗin Mama, zan tsaya in ji.

Ka gaishe mini da Twila, ka ce na gode da hular da ta saƙa wa Baba. Ka shafa mini kan Boone da Opal. Dewey da Delmer da Goggo Nadine duk suna gaisuwa. Allah ya kawo ka lafiya. Idan ka sake kira, zan ɗauka.

Ƙanwarka,
Verlene