Moɗar Falmata da Garin Soya

Gure, daren Talata, bazarar 1974

Bayana ciwo yake yi, amma sai na rubuta wannan. Yau a asibiti muka sallami Falmata, matar nan ta Gidigir, da ɗanta Bukar da yunwa ta kusa ɗaukewa. Na ba ta garin waken soya na taimako, na ce ta riƙa dama garam hamsin cikin kununsa kullum, yadda likita ya ce.

Ta dube ni. "Malama, mene ne garam? Ni moɗa gare ni."

Na karɓi moɗar, na ɗora kan ma'aunin jarirai, na yi ta zuba gari. Ashe bai kai garin hatsi nauyi ba, in an danna shi kuma awon ya canza. Da na samu daidai, na karce moɗar da ƙusa.

"Nan za ki tsaya. Kar ki danna."

"In yayyensa sun yi kuka fa? Su ma ba su ƙoshi."

Na ƙara mata garin tiya ɗaya daga rabon gobe. Har yanzu ban san ɗan wa na rage wa ba.