Allon da Ya Mai da Gonata Makabarta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Kafa Allunan Tarihi a Bakin Hanya.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka masu kaifin ido. Sunana Haladu Garba, manomi a ƙasar Toranke. Ni ne mai gonar nan ta bakin hanyar da ta fito daga Gaya, wadda kwamitinka ya karrama da allon ƙarfe. Ita kaɗai na gada wajen mahaifina, ita ke ciyar da gidana. Tun ina yaro nake nomanta, ban san tarihi nake tattakawa ba sai da kuka zo kuka wayar mini da kai. Ga godiyata dalla-dalla.

Na ɗaya. Da bazarar shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira, ma'aikatanka suka zo a mota neman tsohuwar makabartar mutan da. Tana nan kuwa, can bayan fadama, inda yashi ba ya barin mota ta shiga. Lokacin na gama kai taki gona. Kowa a nan ya san yadda ake yi: jaki ya kwaso juji a mangala, a zuba shi tsibi-tsibi a jere, a bar shi sai ruwa ya kusa sauka a baza. Juji kuma ba ya rasa fasassun tukwane. Mutanenka suka hango tudu-tudu a jere da guntayen tukwane a kai, ga shi dab da titi, ba sai an sha rana ba. Suka tuɓe takalma, suka yi wa kashin awakina addu'a mai tsawo, suka haƙa rami, suka kafa allo da siminti, an rubuta Tsohuwar Makabarta da manyan baƙaƙe. Allah ya karɓi addu'ar.

Na biyu. Da a da ne, da allon ya yi ta tsayuwarsa ba mai kula shi. To yanzu muna da 'yan ajin yaƙi da jahilci, kuma ba su taɓa samun abin karantawa kyauta irin wannan ba. Suka karanta wa gari kaf. Na kira gayya, samarin da suka sha furata shekara da shekaru suka ce ba sa sa fartanya a kan bayin Allah. Su da suka taya ni ɗaura wa jakin mangala! Matata Hajara tana ƙuli-ƙuli da gyaɗar gonar, yau sunansa ƙulin makabarta, tallan yana dawowa gida yadda ya fita.

Na uku. Na ɗauki diga zan tumɓuke allon, mai unguwa ya riƙe hannuna, ya ce kayan gwamnati ne, in ina sha'awar gidan yari in taɓa. Na hau mota har ofishinka a birni. Wani malami mai taye a wuya ya yi mini bayani a natse cewa an bincika kafin a rubuta, kuma abin da aka riga aka buga da fenti ba ya zama kuskure. Na dawo gida na ƙaru da ilimi.

Na huɗu, kuma a nan ba'a ta ƙare mini. Ran wata kasuwar Gaya, muna can kusan duk mazan garin, wani baƙo ɗan ci-rani ya cika a cikin motar haya. Ba wanda ya san danginsa. Direba da fasinjoji suka ga allonka, suka nemi ruwa a rijiyar kusa, suka yi masa sutura da abin da ya samu, suka sallace shi, suka binne shi a tsakiyar kunyoyina. Ban ga laifinsu ba, aikin lada suka yi. Da kaka kuma wasu makiyaya masu wucewa suka rasa jaririya, suka ga kabari ga allo, suka kwantar da ita kusa da shi. Na tsaya a gefen ɗan ƙaramin kabarin nan na yi kuka, don ita da kuma don kaina. Ni Musulmi ne, ba zan bi ta kansu da garma ba. Na kewaye wurin da ƙaya, gonata ta ragu, allonka ya fara faɗin gaskiya.

Roƙona biyu ne, ranka ya daɗe. A zo a cire allon nan kafin damina, a kai shi inda mutan da suke kwance da gaske. In yashi ne matsalar, jakina yana nan, ba zan karɓi ko kwabo ba. Sannan a aiko wanda zai tsaya a gaban jama'a ya ce sauran gonar halal ce a noma, don maganata ba ta kai ta fenti ba.

Idan kuma ayyuka sun yi wa kwamiti yawa, ba komai, kada a takura. Baƙi biyu sun samu wuri, na uku yana tafe, ba da daɗewa ba za a cike gonar. Sai dai a taimaka a rage mini gurbi ɗaya ta wajen gabas, inda mahaifina yake shuka dawa, tunda ta wannan hanyar kaɗai zan ci gaba da zama a gonarmu.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya sa a kwantar da kai a makabarta ta ainihi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Haladu Garba, Toranke.