Lodin da Yaya Ya Yi wa Saba

Litinin, 3 ga Maris

Shafin intanet na sayar da tikitin motocinmu ya sake faɗuwa da hantsi. Fasinjoji suka cika ofis suna zage-zage, wani ya daki kanta har gilashi ya tsage. Na shiga fanel, wurin saita saba, wato babbar kwamfutar da muke haya mai ɗauke da shafin, na tarar da abin da na zata: ma'aikata ɗari biyu. Ni ashirin na bari. Ma'aikatan nan ƙananan manhajoji ne masu amsa wa duk wanda ya shigo shafi, kowanne yana cin rabonsa a ƙwaƙwalwar saba. Mu biyu muka san kalmar sirri, ni da Yaya mai kamfani.

Talata, 4 ga Maris

Na yi masa bayani da yaren tasha, tunda tsohon kwandasta ne. Na ce Yaya, mota ce mai kujera ashirin, in ka ɗora mata ɗari biyu taya za ta fashe. Wai shi ya sha cusa talatin a mai sha takwas, kuma sun isa lafiya. "Kai da na biya wa makaranta za ka koya min lodi?" Sai mari. Da gemuna, da 'yata. Kunnen hagu har yanzu ƙara yake.

Laraba, 5 ga Maris

Na mayar ashirin. Tun da na fara aiki a nan teburina ƙofa yake kallo, don in riƙa ganin shigowarsa.

Juma'a, 7 ga Maris

Yaya ya sake ƙara ma'aikata, ta wayarsa, don ya ga layi ya yi tsawo. Ɗari uku! Ƙwaƙwalwa ta cika, saba ta dinga kashe ma'aikatan a tsakiyar aiki. Mutane suka biya, tikiti bai fito ba, wasu kuma biyu a kujera ɗaya. Dogo direba da wani fasinja suka ba hammata iska, aka fasa wa Dogo baki. Yaya ya shigo yana huci, wai ni na lalata masa kasuwa. Ya wurgo min kofin shayi, ya tsaga min gira. Jini har cikin kibod ɗin kwamfuta.

Matata ta wanke ciwon. 'Yata ta ce, "Baffa ne?" Na ce ƙofa ce. Ta ce ƙofar ofishinku ba ta da kirki.

Asabar, 8 ga Maris

Na tsane shi. Na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Litinin, 10 ga Maris

Na mayar ashirin, na canja kalmar sirri. Ni kaɗai yanzu. Da rana ya zo, waya a hannu. "Ba ni kalmar." Na ce a'a, Yaya. Ya ɗaga hannu, na cafke wuyan hannun, na murɗe har wayar ta faɗi ƙasa. Na so in karya, wallahi na so. Sai na ji hannun ba nama, duk ƙashi, ba wanda na sani ba. Dogo yana bakin ƙofa da kumburarren leɓe, bai raba mu ba. Na saki. Yaya ya duƙa ya ɗauki wayarsa ya fita.

Na yi amai a banɗaki. Ban gaya wa matata ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Shafi bai sake faɗuwa ba, ko da aka yi cincirindo jiya. Yaya ba ya min magana. Mai sayar da tikiti yake tambaya ko "abin nan" yana tafiya.

Na juya teburina wajen taga. Don haske ne kawai. Ɗazu na ji takunsa a bayana, ya tsaya ya daɗe. Sai da ya fita na lura ban waiwaya ba.