Kwalbar gwajin tana aljihunka

Abban yara,

Na tafi asibiti da Auta, ban tashe ka ba. Idanunta sun yi jawur, jikinta duk ya yi ruɗu-ruɗu.

Jiya da ta nace sai ta shiga tafkin ninkaya, sau biyu na tambaye ka ko ƙarfin maganin kulorin ɗin da ka zazzaga a ruwan don kashe gansakuka ya sauka. Ka kalli tsabar idona ka ce ka gwada, lafiya lau. Yau ina haɗa wanki na ci karo da kwalbar gwajin a aljihun wandonka, ko ledar bakinta ba a ɓare ba.

Na gwada da kaina. Ruwan ya fito fari tas, sai na tuna ka ce haka yake yi in magani ya yi yawa. Da na surka da na famfo, kalar ta zarce ta ƙarshe a jikin katin awon da ke zuwa da kwalbar.

Ka kulle ƙofar tafkin kafin ƙarfe goma, yaran 'yan haya na zuwa.

Da cewa ka yi ka manta, da na hana ta, shi ke nan. Ita ma ta ji amsarka, shi ya sa ta faɗa ruwan babu ko ɗar.