Sadiya Ta Gano Ciwon

Assalamu alaiki Binta,

Na san wannan takarda ba za ta zo hannunki ba, amma labarin ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

'Yarki Sadiya ta zama likitar da ake kai wa tsoka ta duba a madubin asibiti mai ƙara girman abu. A watan jiya aka kai mata ta wani mai Keke Napep daga Ƙauyen Alu, Malam Sani, mai 'ya'ya biyar. Kaluluwa ce ta fito masa a wuya, ya sha maganin tarin fuka wata uku, ba sauƙi. Da ta duba ɗan abin da aka tsakuro da allura, sai ta ce ciwon daji ne, kuma ba a wuyan ya fara ba. Ta nace a binciki tsokar da ke fitar da yawu a ƙasan haɓarsa. Manyanta suka ce irin wannan ba kasafai ake ganinsa ba. Ba ta janye ba, ta sake gwaji har sau biyu. Aka ɗauki hoto, sai ga ƙullin, bai kai gyaɗa ba. An yi masa aiki, yanzu yana zuwa asibiti ana gasa wurin da na'ura.

Ciwonki ne, Binta, shi ɗin dai.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Lokacin da naki kumburin ya fito a ƙasan kunne, ni na ce hangum ne, na hana a je asibiti. Ga asibitin nan kusa da mu a Gyaɗi-Gyaɗi, ko mota ba sai mun hau ba. Me ya hana ni? Tsoro ne kawai. Har kika tafi ba ki taɓa yi mini gori ba. Kin yafe mini kuwa?

Ranar Juma'a Malam Sani ya zo shagona da tabon ɗinki a wuya, ya durƙusa ya gaishe ni, wai yana neman mahaifin likita. Na shekara talatin ina ɗinki a Tarauni, ba a taɓa kirana da sunan da ya kai wannan daɗi ba. Na gaya masa tarbiyyarki ce, na roƙe shi ya sa ki a addu'a. Nan take ya ɗaga hannu, duk shagon muka shafa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu a Aljanna. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Garba Tela